Nonona ya kumbura, ko in daina shayarwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Sati 3 ke nan da haihuwata. Tun shekaranjiya gefen nonona na hagu ya yi tauri, yana zugi, ga zazzaɓi da rawar sanyi. Jaririn ya fara ƙin kama shi, ana ta ce mini ruwan ya lalace, in daina ba shi. Gaskiya ne? Daga wata mai jego.

AMSA: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya raya. Ruwan nononki bai lalace ba, kuma ba zai cutar da yaron ba. Gishiri-gishiri kawai yake yi idan nono ya kumbura, shi ya sa yake kau da kai. Wannan ciwo ya fi kama mata a makonni 6 na farko, kuma a nan ne da yawa suke yaye 'ya'yansu ba gaira ba dalili. Daina shayarwa farat ɗaya shi ne mafi haɗari, domin ruwan zai taru, kumburin ya ƙaru, har ya iya zama ƙurji mai mugunya.

Tushen abin yawanci yadda yaro ke kama nono ne. Idan kan nonon kaɗai yake tsotsa, ruwa ba ya fita sosai, fatar ta tsage, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Ki jira ya wangale baki, haɓarsa ta taɓa nonon, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, ya haɗa da baƙin da'irar da ke kewaye da kan nonon. Matsattsiyar rigar mama da tsallake lokacin shayarwa su ma suna jawo ciwon.

Ki ci gaba da ba shi duk sanda ya nema. In ya ƙi, ki tatsa da hannu daidai yadda za ki ji sauƙi; tatsa fiye da kima tana ƙara yawan ruwan ne. Ki ɗora tsumma mai sanyi minti 10 zuwa 15 bayan shayarwa. Kada ki murza wurin da ƙarfi, shafa a hankali zuwa hammata ta wadatar. Ibuprofen miligiram 400 duk bayan awa 8 tare da abinci, ko paracetamol giram 1 duk bayan awa 6, duka sun dace da mai shayarwa, in dai likita bai hana ki su ba.

Amma ke zazzaɓinki ya wuce awa 24, don haka yau ɗin nan ki je asibiti. Mai yiwuwa a ba ki maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 10 zuwa 14. Ki shanye shi ko kin ji sauƙi. A baƙar fata jan wurin ba ya fitowa sosai, sai ki nuna wa likita inda ke zafi da tauri. Mai ɗauke da HIV ita kam ta tatsa ta zubar daga ɓangaren mai ciwo har ya warke. Idan kuma an gama magani ƙullutun yana nan, ki koma a yi hoton nonon.