Ma'auni ɗaya ba ya isa a lissafa ruwan hadari

Malam, ka ce kana son lissafin ruwan da zai bi ta kwalbati a Katsina, kuma alƙaluman ma'aunin ruwan sama na filin jirgi kaɗai ke hannunka. Ba za su isa ba. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, yana iya jiƙa Ƙofar Sauri sharkaf, Ƙofar Ƙaura kuwa yayyafi kawai ta samu.

Fara da shata iyakar filin da ruwansa ke gangarowa kwalbatin. Sa ma'auni uku ko huɗu a ciki da gefensa, nesa da bango ko bishiyar dalbejiya da aƙalla ninki biyu na tsayinta. A taswira, haɗa ma'aunan da layi, ka raba kowane layi gida biyu daidai da wani layin da ya ratsa tsakiyarsa a tsaye, kowane ma'auni ya samu yankinsa. Hanyar Thiessen ke nan. Ninka milimitar kowanne da faɗin yankinsa, ka tara, ka raba da faɗin filin duka, ka samu matsakaicin ruwan filin. Milimita 1 a hekta 1 lita 10,000 ce.

Inda aka fi yin kuskure shi ne lokaci. Milimita 60 cikin minti 40 tana cika lambatu, ita ɗin cikin awa 10 yashi na shanye mafi yawanta. Karanta ma'auni sau ɗaya da safe yana ɓoye wannan, don haka nemi ma'auni mai rubuta kowane minti 5 ko 15. Kuma kada ka shimfiɗa adadin tsakiyar hadari a kan filin duka, matsakaicin yana raguwa idan fili ya ƙara faɗi.

Girman kwalbatin kuwa, nemi bayanan shekaru masu yawa daga hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ka kai wa injiniyan ruwa.