Tambaya da Amsa: Zan ɗauki ma'aikatan da ba danginmu ba ne a gidan burodina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin gidan burodi a Tudun Wada, Kaduna, kuma ma'aikatana duka 'yan uwa ne ko 'ya'yan maƙwabta. Ina shirin buɗe reshe a Barnawa. Cikin waɗanda suka nemi aiki akwai wata yarinya Kirista 'yar ƙabilar Bajju daga Sabon Tasha, wadda ta ƙware wajen yin kek, da wani saurayi kurma da ya taɓa aikin kwaɓa fulawa. Yayana ya ce kada in jawo wa kaina surutu, wai yarana ba za su saki jiki da su ba, masu saye kuma za su yi tsegumi. Me ya kamata in yi?
Daga wani mai gidan burodi, Tudun Wada.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka gwada su aiki kamar yadda za ka gwada kowa, idan hannunsu ya yi, ka ɗauke su. Sai dai ɗaukar ita ce mafi sauƙi a cikin lamarin; abin da zai ci maka lokaci shi ne gyara tsarin gidan domin kada su zauna a cikinsa kamar baƙi.

Tsoron yayanka yana da tushe, kuma bai kamata a raina shi ba. Rikicin watan Fabrairun 2000, da na Nuwamban 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, sun sa mutane sun tattara kayansu sun koma inda nasu suka fi yawa, har kogin Kaduna ya zama kamar iyaka: Musulmi sun fi yawa a Tudun Wada da Rigasa da Kawo a arewacin kogin, Kiristoci kuma a Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi a kudancinsa. Yaran da aka haifa bayan wannan rabuwa da yawansu ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Amma garin ba haka ya taso ba. Masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) da aka buɗe a Kakuri a 1957, da sauran masaƙun da suka biyo ta, sun haɗa Bahaushe da Bagwari da Banufe da Bayarabe da Ibo a kan inji ɗaya shekara da shekaru. Da masaƙun suka durƙushe, wuraren da ake wannan haɗuwa suka ragu, kuma a ganina ƙananan sana'o'i irin taka ne suka gaji wannan nauyi, ko sun sani ko ba su sani ba.

Ta fuskar ciniki ma hujjar tana wajenka. Tanda ba ta san Juma'a ko Lahadi ba, kuma mutane suna neman burodi ranar Sallah kamar yadda suke nemansa ranar Kirsimeti. Idan ma'aikatanka duka Musulmi ne, da ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a dole ka rufe shago, kuma a watan azumi, lokacin da cinikin burodi yake tashi saboda sahur, masu azumi ne za su tsaya gaban wuta da tsakar rana. Idan a haɗe suke, wannan ya riƙe wa wancan aiki ya je masallaci, wancan ya riƙe wa wannan ya je coci. Yarinyar kuma ta san irin kek ɗin da ake so a bukukuwan kudancin gari, ta san lokacin da odar Disamba take fara shigowa, abin da babu wanda zai gaya maka a cikin yaranka na yanzu.

Tun ran gini ran zane, saboda haka ka rubuta dokokin gidan kafin su fara aiki, ka karanta wa kowa a zama ɗaya. Albashi ya bi aiki da daɗewa, kada ya bi dangantaka. Jadawalin hutun ibada ya kasance a manne a bango inda kowa zai gani. A hana muhawarar addini da ta siyasa a wurin aiki, a hana kiran mutum da sunan da yake jin zafinsa, ko da an ce wasa ne, kuma hukuncin ya hau kan ɗan yayanka kamar yadda zai hau kan baƙo. Ka rubuta kuma cewa ba a sa giya ko wani abin da ba halal ba a cikin kayan gidan. Wannan zai rufe bakin masu tsegumi, kuma ita kanta yarinyar zai kare ta daga zargin da ba ta ji ba ba ta gani ba.

Game da saurayin, dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna musu wariya, kamfani kuma naira miliyan 1. Abin da yake buƙata kaɗan ne: allo da alli domin rubuta awon fulawa da sukari da yis na kowane kwaɓi, fitila mai walƙiya a madadin ƙararrawar tanda, da abokin aiki ɗaya da zai koyi maganar hannu. A ɗakin da injin kwaɓi yake ruri, dama ko masu ji da hannu suke magana. Kada ka rage masa albashi da sunan taimako. Ita kuma yarinyar, idan ta yi aure ta sami juna biyu, dokar ƙwadago ta ba ta hutun mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida tana aiki.

Akwai abin da masu sana'a da yawa suke tsallakewa, kuma shi ne ya fi damuna. Za ka ga shago ya ɗauki mutane kala-kala, amma makulli da akwatin kuɗi da littafin bashi ba sa barin hannun 'yan gida. Ma'aikaci yana lura da wannan tun makon farko, kuma daga ranar da ya gane cewa komai ƙoƙarinsa ba zai wuce shara da ɗaurin leda ba, ya fara neman wani wurin. Idan yarinyar ta nuna amana, ka ba ta riƙon reshen Barnawa, ka faɗa wa yayanka dalili ƙarara.

Kada kuma ka manta da hanyar komawa gida. Wanda zai tsallaka gada da dare, ko daga wane ɓangare yake, ka sallame shi da wuri ko ka biya masa kuɗin Keke Napep. Duk ranar da gari ya yi zafi ko aka fara raɗe-raɗin dokar hana fita, ka fara sallamar wanda gidansa ya fi nisa, kuma kada ka cire masa kuɗin wunin.