Amsar muryar ƙanena kan halittar mace da namiji

Salamu alaikum 'yan gida. Ƙanena na saurari muryar da ka turo, wai duk masu falsafa bakinsu ɗaya, mace an halicce ta don kicin da goyo, namiji kuma don fita da tunani. To wallahi ba haka ba ne, ko malami da ɗalibinsa ma ba su jitu ba. Aflatun, mai falsafa na tsohuwar Girka, cewa ya yi mace za ta iya tsaron gari har da mulki in an ba ta horon da aka ba namiji, illa dai a galibi namiji ya fi ƙarfin jiki. Ɗalibinsa Aristotal shi ne ya ce tana da tunani amma ba mai zartarwa ba. Kuma fa mutumin nan har rubutawa ya yi wai haƙoran mata ba su kai na maza yawa ba, alhali yana da mata a gida, da ya ce ta buɗe baki ya ƙirga da ya ga ba haka ba ne.

In ka ce ai waɗannan Girkawa ne, to ga Ibn Rushd, alƙalin Kurɗuba ta Andalus (Sifen ta yau), Bamalike, mai Bidayatul Mujtahid da malamanmu ke karantarwa, ya rasu 1198. Da yake sharhin Aflatun sai ya ce a garuruwansu ba a san iyawar mata ba saboda an tsare su ga haihuwa da hidimar miji kawai, har suka koma kamar tsirrai, kuma wannan na cikin abin da ya talauta garuruwan. Ka gane? Ba a gwada mutum ba, sai a ce ba zai iya ba.

Mu nan ma, Shehu Usmanu a Nurul Albab ya yi wa malamai faɗa sosai kan barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna koyar da 'ya'yan wasu. 'Yarsa Nana Asma'u ita ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jaji, wato jagororin mata masu koyarwa, tana ba su malfa su shiga ƙauyuka koyar da mata.

Ni ban ce babu bambanci ba, ciki da shayarwa ai ba wasa ba ne, kuma ciyarwa Allah a kanku ya ɗora. Amma ka dubi Inna, daga cikin kulle da ƙuli-ƙuli da adashe ta biya maka kuɗin jarrabawa, lissafin wa ta ara? Ka amsa min wannan tukuna, kuma ka gaida min amarya.