Re: An yi wa injin gyaran gaba ɗaya, amma mota ba ta ja

Malam, ka ce tun da aka sake haɗa injin tsohuwar motarka, in ka taka totur sai ta yi nauyi. Ni tayimin zan fara zargi, wato daidaiton lokacin buɗewa da rufewar bawul da motsin fistin. Haƙori ɗaya kacal bel ɗin tayimin ya goce wajen ɗaurawa, injin zai tashi lafiya, amma ƙarfi ya tafi. A sa makanike ya sake duba alamomin saita tayimin a gabanka.

Ka kuma lura: in injin na ƙara kuka amma gudu bai ƙaru ba, kulochi ne ke sulɓewa, injin ba shi da laifi. In kuwa shaƙewa take yi, a duba matatar mai, filogi da kabireta, sannan salansa ko ta toshe. Don Allah kada ka bari a sake buɗe injin kafin a auna matsin kowace silinda.