Ina Za Mu Kai Ruwan Kwatar Garinmu?

Malam, ka tambaya yadda ƙaramin gari irin naku zai yi da ruwan kwata da na masai, kada ya ɓata kogin da ƙauyukan gaba suke sha. Ni dai shawarata ku bar zancen manyan injinan tace ruwan. Wuta suke ci, ga ta ba ta tsayawa, kuma ran da suka tsaya ɗanyar ƙazanta ce za ta zarce kogi.

Ku haƙa tafkuna uku a jere, ruwan ya riƙa bi daga wannan zuwa wancan kafin ya fita, nesa da gidaje, a daɓe ƙasansu da yumɓu don kada su tsiyaye cikin rijiyoyi. Na farko zurfinsa kamar mita 3, nan dagwalo ke kwantawa tare da ƙwan tsutsar ciki. Na biyu mita 1.5, za ka ga ruwansa kore shar: gansakuka ce ke ba ƙwayoyin bakteriya iskar da suke cinye dattin da ita. Na uku mita 1, rana ta ratsa shi ta kashe ƙwayoyin cuta. Zafin ƙasarmu ma taimako ne. Duk bayan 'yan shekaru a kwashe dagwalon na farko.

Ruwan majema da marina kuwa kada ya shiga, sinadarinsa na kashe gansakukar. Dubi rafin Jakara a Kano, yadda baƙin ruwanta ke gangarawa dam ɗin Wasai, ana bai wa latas da alayyafo shi a hanya. Wallahi abin yana ci mini rai.