Kafin ka yi wa manhajar kuɗi, ina takarda?

Wani ɗan kasuwa ya rubuto cewa ɗan yayansa ne ya gina masa shafin intanet da manhajar da yake sayar da kaya ta cikinta, ya biya shi ladan aiki hannu da hannu, yanzu kuma masu zuba jari sun nuna sha'awa. Yana tambaya nawa ya kamata ya nema.

Alhaji, ka ajiye maganar farashi tukuna, domin a idon doka da wuya a ce abin da kake shirin sayarwa naka ne. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan kare haƙƙin marubuta da masu fasaha, wadda ƙasashe fiye da 180 suka shiga, haƙƙin mallaka yana tabbata tun daga lokacin da aka yi aikin, ba sai an yi rajista ba, kuma yarjejeniyar TRIPS ta 1994, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta sanya manhajar kwamfuta cikin rubuce-rubucen da ake karewa. A ƙasashe da dama, idan wanda ya rubuta manhajar ba ma'aikacinka ba ne, haƙƙin yana hannunsa har sai ya miƙa maka a rubuce ya sa hannu. Kuɗin da ka biya ya ba ka damar amfani da ita ne, bai ba ka ikon sayar da ita ba.

Na san za ka ce ai ɗanka ne, a gabanka ya girma. Sabo da kaza ba ya hana yanka, kuma yaron da ya karɓi ɗan abin da ka ba shi da godiya zai sake lissafi ranar da ya ji an ambaci miliyoyi. Na ga wata 'yar kasuwa da ƙanenta ya yi rajistar sunan shafinta da imel ɗinsa. Bayan sun sami saɓani, saƙon sabunta rajista ya riƙa zuwa wurinsa, ya yi shiru har wa'adi ya wuce, wani ya saye sunan. Ta wayi gari kwalayenta da rasitanta duk suna ɗauke da adireshin da ba nata ba. Akwai tsarin sasanta rikicin sunan shafi da ICANN, hukumar da ke kula da sunayen shafukan intanet, ta kafa a 1999, amma sai mai ƙara ya nuna yana da haƙƙi a kan alamar kasuwanci, kuma an yi rajistar da mugun nufi. Yaya za ka tabbatar da hakan a kan wanda kai ka sa shi ya yi rajistar?

Batun masu zuba jari kuwa, kada ka fara ƙidayar riba. Abin da lauyansu zai fara nema shi ne shaidar mallaka, sannan ya tambayi wa ke riƙe da lambobin waya da adireshin abokan cinikinka, kuma da izinin wa aka tattara su.

Ka zauna da yaron yanzu da kuke shiri, kafin labarin jarin ya kai masa ta bakin wani, kuma ka faɗa masa gaskiya. Lauya ya rubuta takardar miƙa haƙƙi, a mayar da sunan shafin da kalmomin sirri ƙarƙashin kamfaninka, ka yi rajistar alamar kasuwancinka. Idan ya nemi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na kamfanin, a ganina ka ba shi, domin sake ginawa daga tushe zai fi haka ci maka.