Ina Shan Magani, Sojojin Jikina Sun Ƙi Ƙaruwa

Assalamu alaikum Inna.

Daga Damagaram nake rubuto miki. Tun da aka gano ina ɗauke da ƙwayar cutar sida nake shan magani, amma duk awo maganar ɗaya ce: cuta ta kwanta, sojojin jiki ba su tashi sosai ba. To ina amfanin? Na fara CD4 ɗina, wato adadin sojojin jiki a awon jini, bai kai 200 ba, har yau ban ga 500 ba. Wadda muke karɓar magani tare ta wuce ni nesa. Yayata ta ce maganin ne ke ƙone su, in koma sassaƙe. Ina sha, Inna, wallahi ina sha, sai dai in mun tafi biki ƙauye ko baƙi sun cika ɗaki nakan ɗaga. Amma ina sha. Me ya sa nawa ya ƙi? Na gaji.

Baiwar Allah

Wa alaikumus salam ƴata.

Ban ce yayarki ba ta ƙaunarki ba, amma ta yi kuskure. Cutar ce ke kisan, ba magani ba. Yawancin sojojin da ke mutuwa ma cutar ba ta gama kama su ba: ta kutsa ta maƙale, sai sojan ya fasa kansa, kumburin ya jawo wasu su zo su faɗa. Ƙwayar maganin da ake bayarwa yanzu, haɗin tenofovir, lamivudine da dolutegravir, tana hana cutar hayayyafa, kisan ya lafa. Wanda ya fara ƙasa da 200 yakan ɗauki shekaru, wani ma ba ya kai 500. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara magani da zarar an gano.

Abin da ya tayar min da hankali bikin nan ne. Cutar ba ta fita ba, laɓewa ta yi. In an bar magani, cikin makonni take dawowa, kisan ya koma sabo, tsallake kuma kan koya mata jure magani. Ki tafi da shi duk inda za ki, ki keɓe ki sha.

Ku kuma masu leƙen jakar mutane, ku ji tsoron Allah! Idonku ne ke sa mace ta bar maganinta a gida.

Ranar karɓa, ki faɗa wa lokotoro kina ɗagawa, kada ki haɗa da sassaƙe bai sani ba, ki roƙi a duba miki tarin fuka.

Inna